Wane suna za mu ba larurar afeshiya da Hausa?

Assalamu alaikum. Wata ma'aikaciyar jinya a nan Gombe ta tambaye ni kalmar da za ta riƙa amfani da ita idan tana yi wa dangin majiyyaci bayanin larurar da likitoci ke kira afeshiya, wato mutum ya kasa faɗar magana ko gane ta bayan ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni, domin duk kalmar da ta ɗauko sai ta ga mutane sun fahimci wani abu dabam.

Larurar tana samuwa ne idan sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa magana da fahimtarta, wanda galibi yake ɓangaren hagu, ya samu rauni, ko ta dalilin shanyewar ɓarin jiki, ko buguwar kai a hatsarin babur, ko ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa sau da yawa takan zo tare da mutuwar hannu da ƙafar dama, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye sukan gamu da ita. Su ma Turawa sai da suka yi gardamar suna: Paul Broca, likitan Faransa da ya bayyana ta a 1861 daga wani majiyyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", wani suna dabam ya ba ta, sai a 1864 Armand Trousseau, shi ma likitan Faransa, ya kawo wanda ake amfani da shi yau.

A cikin kalmomin da muke da su a Hausa, bebantaka da i'ina ba su cikin lissafi, domin mai i'ina kalmarsa na hannunsa, fitar da ita ce ke masa wuya. Nauyin baki kuwa ya fi dacewa da wanda tsokokin leɓe da harshe suka yi masa rauni, wanda idan aka ba shi alƙalami zai rubuta abin da yake so daidai.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce "ɗaukewar magana", tunda abin da mutane ke faɗa ke nan a bakin gado: maganar Baba ta ɗauke. Sai dai rabin larurar kawai ta kama. A 1874 Carl Wernicke, likita Bajamushe, ya bayyana wani nau'in da mutum ke zuba magana ba tsayawa, amma ba ta da ma'ana, kuma ba ya gane abin da ake gaya masa. Irin wannan majiyyacin ne ake yi wa zaton taɓin hankali ko shafar aljanu, alhali ya san 'ya'yansa, ya san lokacin salla. Ko wanda aka ce maganarsa ta ɗauke ma, za ka ji ya karanta Fatiha tiryan-tiryan amma ya kasa cewa a ba shi ruwa, kuma irin wannan ragowar ce masu gyaran magana ke ginawa a kai, kamar hanyar koyar da furuci ta rera kalmomi da aka ɓullo da ita a Amurka a 1973.

Don haka shawarata ita ce "tauyewar zance". Na guji "harshe" saboda a Hausa yana nufin tsoka, yana kuma nufin yare, dangi kuwa tsokar za su fara dubawa. Zance aikin mutum biyu ne, ya ƙunshi faɗa da ganewa. "Tauyewa" kuma tana nuna raguwa mai hawa-hawa wadda ka iya sauƙi da atisaye, ba yankewa baki ɗaya ba.

Wani malamin Hausa ya ƙalubalance ni cewa kalmar ba ta taɓo karatu da rubutu ba, waɗanda su ma larurar kan shafa. Ya yi gaskiya, amma a ganina wannan aikin bayani ne, suna ba zai ɗauki komai ba. Abin da nake roƙon masu jin Fulatanci, Tangalanci da Teranci shi ne su gaya mana yadda ake faɗar abin a gidajensu, domin mai harsuna biyu na iya farfaɗo da ɗaya kafin ɗayan, kuma wani lokaci ba Hausar ce ke fara dawowa ba.