Idan layin dogon Kano ya iso Maraɗi, wa zai biya kuɗin jirgin fasinja?

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum. Tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Shin ya dace gwamnatin Nijar ta zuba kuɗin haraji domin a samu jirgin fasinja har Yamai, ko kuwa a bar wa 'yan kasuwa?

Alhajin Tibiri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe jirgin fasinja. Jigilar kaya ce ke kawo riba, kuma albasa, wake da dabbobinmu da ke cika manyan motoci a iyakar Ɗan Isa sun isa hujja. A fara da kaya tukuna, fasinja ya biyo baya.

Malama ta Gidan Rumji:
Alhaji, a gafarce ni, amma hanyar mota ma ba riba take kawowa ba, kuma ba wanda ya ce a daina zuba mata kwalta. Duk wanda ya wuni a bas zuwa Yamai, gwiwoyinsa na dukan kujerar gaba, ya san talaka na da haƙƙi a wannan kuɗi.

Bagobiri:
Malama tana da gaskiya, sai dai mu tuna da layin Yamai zuwa Doso da kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa, aka buɗe a 2016, har yau babu jirgin da ke zirga-zirga a kansa. Kafin a sa hannu kan wani bashi, a bayyana mana wanda zai ɗauki nauyin gyara da albashin ma'aikata.