Wace al'adar Kirsimeti zan kafa wa yarana, wadda aljihu zai iya ɗauka kowace shekara?

Maman Tagwaye, Narayi:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga iyayen da suka ga jiya suka ga yau.

Yarana uku ne, babbar 'yar shekara 6, sai tagwaye maza masu shekara 3. Ni da maigida duk a ƙauye muka tashi, shi wajen Zonkwa, ni Kwoi. A can ba wanda ke zama ya tsara wa yaro Kirsimeti, da kanta take zuwa. Disamba na kamawa za ka ji 'yan Zumuntar Mata suna buga tulu da yamma suna gwajin waƙoƙi, 'yan birni suna ta sauka da jakunkuna, ga bugun acca, ga layi wajen mai kitso. Daren 24 kuwa ba mai runtsawa.

Nan Kaduna ɗaki biyu ne da falo na haya. Maigida ba kowace shekara ake ba shi hutu ba, kuɗin mota kuma kun san yadda yake tashi a ƙarshen shekara. Abin da muke yi bai wuce a ɗinka kaya, a dafa shinkafa, a je sujada, a dawo, in an kawo wuta yara su zauna gaban katun har barci ya kwashe su. Da me wannan ya fi sauran ranakun Lahadi?

Ina son abu ɗaya ko biyu da za mu riƙa yi duk shekara, ko da kuɗi ko babu, wanda ɗan shekara 3 ma zai iya sa hannu. Don Allah kada a ce in kai su wajen Baban Kirsimeti mai jar riga. An biya kuɗin shiga, tagwaye na hango farin gemun nan suka tsala ihu, ko hoton ba a samu ba.

Anti Malama, Sabon Tasha:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi, abin da na lura shi ne yaro ba ya riƙe abin da aka yi masa, sai abin da ya yi da hannunsa.

Ki fara da labarin kansa. Luka sura 2, aya 1 zuwa 20, shi ke nan labarin haihuwar, tun daga ƙidayar Kaisar Augustas har komawar makiyaya. Kada ki zauna kina karanta musu kamar wa'azi, minti biyu ba za su yi ba. Daren 24 bayan an ci abinci, ki kashe fitila, ki ba babbar zani ta yafa ta zama Maryamu, babansu ya zama Yusufu, in ya yarda ya zama jakin ma. Kwandon wanki ya zama komin dabbobi. Tagwaye kuwa makiyaya ne, a ɗaura musu tawul a ka, a ba su muciya su riƙe a matsayin sanda. Ke ce mala'ika, ki haska tocila daga bakin ƙofa. Bana dariya kawai za su sha, baɗi su da kansu za su gyara miki in kin tsallake wani wuri.

Masana taurari suna Matiyu sura 2. A zane ana nuna su uku, amma nassi bai faɗi yawansu ba, kyautai ne uku: zinariya, lubban da mur. Saboda haka in 'ya'yan maƙwabta sun shigo, kowa ya zama masani, ba wanda zai yi kuka don an bar shi.

Wasu kan karanta sura ɗaya ta Luka kullum daga 1 ga Disamba, tunda surori 24 ne, su gama daren jajibere. Wannan naku ne ke da maigida, ya yi wa yara nauyi.

Sai cincin. Ki tsayar da rana, misali 23 ga wata, kada ki canja. Ke ki kwaɓa, ki murza, ki ba su marfin kwalba su riƙa ciro nasu. Na tagwaye zai fito a karkace, ki soya shi daban, ki zuba a robarsu. Amma in mai ya hau wuta, kowa waje.

Baba Kakuri:

'Yata, Allah ya raya miki su. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, jikoki gare ni yanzu. Malama ta faɗi gaskiya, amma duk abin da ta lissafa a cikin ɗaki yake. Ni Kirsimetin da na sani a garin nan, a kan hanya take, kwano bisa kan yaro.

Da can a Tudun Wada muke zaune, gidan haya mai ɗakuna da yawa, mu Kirista gida biyu, sauran duk Musulmi. Ranar 25 matata takan tashi tun asuba ta ɗora tukunya, kafin mu tafi sujada an jera kwanuka a tsakar gida, kowanne da sunan mai shi. Muna dawowa, ba wanda zai sa loma a baki sai an gama rabo. Yara ne 'yan aike, da sabbin kayansu. A koya wa yaro ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce in ji Mama, ga abin Kirsimeti. A sa masa albarka, a danƙa masa ɗan goron Kirsimeti a hannu. Sallah na zuwa, kwanukan nan su dawo mana da tuwo da waina, Babbar Sallah kuma har da cinyar rago.

Bayan rikicin 2000 da na 2002 kun san yadda gari ya koma. Yawancinmu muka tsallako kudancin kogi, su ma waɗanda ke nan suka koma can. Da yawan yaran da aka haifa bayan nan ba su taɓa kai kwano gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Wannan ya fi tsadar shinkafa damuna. Har yau ranar 26, tunda ita ma hutu ce, nakan ɗauki jika ɗaya mu hau keke mu tsallaka gada da kular abinci, mu kai wa tsohon maƙwabcina. Idanunsa sun yi rauni, amma da muryar kowane jika yake gane shi.

Ke ba sai kin tsallaka kogi ba. Zaɓi gida uku kusa da ke. Ki duba gwauruwar da ke layinku, ko maigadi, ko mai shagon da ke ba ki bashi in wata ya yi nisa. Babbar ta ɗauki kwano, tagwaye su riƙe ledar cincin, ke kina bayansu. Shekarar da babu kaza, fate ma abinci ne. Zumunci a ƙafa yake. Gidajen nan uku kada ki sauya su, don yaran su san cewa akwai masu jiransu.

Maman Abba, Barnawa:

Assalamu alaikum. Ni Musulma ce, amma maganar Baba ta sa dole in ce wani abu, don mu ne masu karɓar kwanon. Maman Tagwaye, in akwai Musulmi cikin waɗanda za ki kai wa, ki ba Musulmi ya yanka miki kazar. Masu kaji a kasuwa galibi su ne ke yankawa, sai ki faɗa wa maƙwabciyar taki da bakinki, ta ci hankali kwance. Tamu maƙwabciyar mijina take kira ya yanka mata duk shekara. Akwai waɗanda ba sa karɓa, kada ki ɗauka da zafi, kuma kada ki tura yara can su ji kunya, ki fara tuntuɓa. Cincin ɗinta kuwa, yarana tun watan Nuwamba suke tambaya.

Baban Jatau, Gonin Gora:

Duk na ji, amma ni ina da ja. Yaya, al'adar da kike nema ki ƙirƙira a falo tana nan a gida tana jiran ki. Ki kai yaran nan ƙauye. In ba a iya duk shekara ba, a yi shekara ɗaya nan, ɗaya can. Nawa Hausa da Turanci kawai suke ji, kakarsu ta yi musu yare su tsaya suna kallonta. Ba cincin ɗin da zai gyara wannan. Mu mutanen Kagoro ne, mukan zarce har bikin Afan ranar 1 ga Janairu, su ga maharba da masu rawa a gindin dutse. Ɗana wata guda yana ba 'yan ajinsu labari.

Kuɗin mota kuwa asusu ne maganinsa. Na katako na sa kafinta ya buga mana, ba ya buɗuwa sai da guduma. Duk canjin da ya ragu yara ne ke jefawa tun Janairu, a fasa ranar 1 ga Disamba kowa na kallo. Ranar fasawar ita kanta biki ce. Nama kuma ki shiga watanda, ku haɗa kuɗi da 'yan coci ko 'yan layi a sayi sa a raba kashi-kashi, ya fi ki tunkari mahauci ranar 24.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki sayo 'yan tsaki a Oktoba ki ce yara su yi kiwon kazar Kirsimeti. Maƙwabcina ya yi, yaran suka raɗa mata suna, ranar yanka gidan kamar an yi mutuwa, ba wanda ya taɓa naman. Sai nakawut, abin wasan wutar nan mai fashewa, kada ki bari ya shigo miki gida. Hunturu ne, komai a bushe, ga janareta da galan ɗin fetur a kowane lungu.

Maman Tagwaye, Narayi:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, maigida ya karanta ya ce Yusufu dai ya yarda, jaki kuwa sai an zauna. Cincin ranar 23 na ɗauka.

Baba, maganarka ta shige ni. Na riga na san gidajen: wata tsohuwa a bayanmu da 'ya'yanta duk suna Legas, mai wankinmu, sai mai kayan miya na bakin layi, mutumin Zariya, wanda tagwaye ba sa wucewa bai miƙa musu tumatir ɗaya-ɗaya ba. Maman Abba, shi zan roƙa ya yanka.

Baban Jatau, batun yare ka fi ni gaskiya, ko da yake gidanmu abin ya fi naka wuya, ni Jaba, shi Bajju, da wanne za a fara? Amma ƙauye bana ba zai yiwu ba. Tagwaye da mota ba sa shiri, kafin mu kai Kachia sun yi amai ya fi a ƙirga. Asusun dai zan sa a buga a Janairu. Watandar ce ban san ta inda ake shiga ba, a cocinmu maza ne kawai ke yi kuma sun ce sun rufe suna. In akwai wadda ta san inda mata ke haɗawa a Narayi ko Barnawa, ko rabin kashi ne, ta taimaka ta sanar da ni kafin tsakiyar wata.