Da wanne zan fara, kuma in saya ko in bar kuɗin mota?

Sadi_Gwale:
Assalamu alaikum. Tambayata biyu ce, don Allah a duba duka kafin a amsa. Na gama bautar ƙasa, abin da ya rage mini daga alawi dubu 95 ne. Wani banki ya turo mini saƙo in je Abuja nan da mako uku in yi jarrabawar ɗaukar aiki a kwamfuta, kuma ba sa biyan kuɗin mota. Sai ga shi jiya a Sabon Gari na tarar da wani mai littattafan gwanjo da kwali guda na The Wheel of Time na Robert Jordan. Guda 11 ne cikin 15. Babu na biyu, na shida, na tara da na ƙarshe. Ya ce dubu 44 ɗungurungum, ba ya rabawa, kuma wai wani ya riga ya taya. A ciki akwai wani siriri, New Spring, wanda aka ce labarinsa ya riga na sauran faruwa.

To, da New Spring zan fara ko da na ɗaya, The Eye of the World? Sannan in saya yanzu in takura a tafiyar, ko in haƙura?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka nemi Mistborn na Brandon Sanderson. Jerin farko uku ne kacal, ka gama ka huta. Ni na biyun ma a asibiti na karanta shi ina jinyar surukata.

Kwamared_Bala:
Abu na farko, kada CV ɗinka ya wuce shafi biyu. Na biyu, ka cire hoto, ka cire sunan firamare. Allah ya ba da sa'a.

Sadi_Gwale:
Amin Kwamared, amma ai an wuce maganar CV, har sun kira ni. Yaya Ummu, Mistborn ba ya cikin kwalin.

Tsohon_Laburare:
Malam Sadi, kada ka fara da New Spring. Jordan ya fitar da The Eye of the World a 1990, shi kuwa New Spring sai a 2004 ya fito a matsayin cikakken littafi, bayan na goma. Gaskiya ne labarinsa ya riga na farkon da kimanin shekara 20, amma an rubuta shi ne domin wanda ya riga ya san mutanen. Daɗin littafi na ɗaya shi ne kai da samarin ƙauyen da ke cikin labarin duk ba ku san ko wace ce Moiraine, baƙuwar da ta zo ƙauyensu, ba, ba ku san ko za a yarda da ita ba. In ka fara da New Spring ka shiga cikin zuciyarta tun daga farko-farkon littafin, ka ga ka kashe wa kanka rabin abin. Ka ajiye shi sai ka gama na biyar aƙalla. Masu tsantseni ma sai bayan na goma.

Abin da ya fi damuna da kwalin nan rashin na biyu da na shida ne. Na shidan, Lord of Chaos, ba a tsallake shi, ƙarshensa ne ke juya akalar labarin gaba ɗaya. Sannan ka sani Jordan ya rasu a 2007 bai gama ba, Sanderson ne ya ƙarasa ukun ƙarshe da bayanan da ya bari, na ƙarshen ya fito a 2013. Shi ma babu shi a kwalinka. Mai kayan ya san abin da ya sa ba ya rabawa.

Ɗan_Kawo:
Dubu 44?! An so yanka ka. A Kaduna na sayi irinsu ɗari takwas-takwas a bakin titi, har da gyara.

Hafsy_Zoo_Road:
Ɗan_Kawo, a wace shekara? Ɗari takwas ɗin kafin 2023 kake nufi, lokacin ba a cire tallafin mai ba. Ni watan jiya na tambayi sabo a wani shago a Abuja, dubu 19 guda ɗaya. In ka raba 44 gida 11 dubu huɗu-huɗu ne. Arha ne wallahi.

Ɗan_Kawo:
Gwanjo ake magana Hajiya, ba na shagon masu sanyin AC ba. Mai bango a yage, da rubutun wata Baturiya a shafin farko tana taya jikanta murnar Kirsimeti.

Mai_Shayi_Digiri:
Ka sayi kwalin. In aikin bai samu ba ka matasa kai da shi, kowanne ya kai bulo kauri.

Abu_Safwan:
Ni littafin bai dame ni ba. Sadi, saƙon nan da aka turo maka, ka tabbatar daga wurinsu yake? An ce ka biya wani abu?

Bari in ba ka labari. Bayan na gama hidima na zauna a gida har ƙannena suka daina gaishe ni da safe yadda suka saba. Sai wani mutum da muke sallah a masallaci ɗaya, dattijo da furfurarsa, ya ce yana da hanya a wata hukumar tarayya, akwai gurbin wani da ya rasu za a cike a ɓoye. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Mahaifiyata ta sayar da filinta na gado, ta ce in dai zan tsaya da ƙafata ba komai. Muka ba shi rabi. Ya kawo takardar kama aiki, da tambari, da sa hannu da koren biro, har da matakin albashi, mataki na takwas. Muka cika masa sauran. A gidanmu aka yi waina aka raba wa maƙwabta.

Ranar da na je Abuja kai takardu, na sa sabuwar shadda, na riƙe fayil ɗina a ƙirji. Mai gadin ƙofa ya karɓi takardar ya duba, ya kira wani daga ciki. Shi wannan ko zama bai ce in yi ba. Ya sa yatsa a kan sunan da ke ƙasa ya ce wannan daraktan ya yi ritaya tun kafin kwanan watan da ke jikin takardar. Sannan ya jawo aljihun tebur ya nuna mini irinta a jibge, duk koren biro ɗaya. Ya ce in godewa Allah ba su kira mini 'yan sanda ba.

Na kwana a tashar Jabi saboda na kasa kiran gida. Dattijon kuwa ya ce shi ma cutarsa aka yi, ya rantse da Alƙur'ani. Aka kai magana wurin mai unguwa, aka yi zama, aka rubuta yarjejeniya zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Abin da ya dawo hannunmu bai kai dubu ɗari biyu ba. Har yau yana sahun gaba a masallaci, ni ne na canza masallaci. Mahaifiyata ba ta taɓa tayar mini da maganar filin ba, kuma wannan shirun ya fi komai ci na.

Ummu_Hanan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, ya saka wa Mama.

Hafsy_Zoo_Road:
Amin. Irin wannan ta faru da mijin ƙawata, shi dubu ɗari bakwai aka ce masa.

Ɗan_Kawo:
Dubu ɗari bakwai ai na jiha ne. Na tarayya yanzu ana maganar miliyan uku zuwa biyar, ya danganta da hukumar.

Kwamared_Bala:
Kai kuma a ina ka san farashi haka? Littafi ka ce ɗari takwas, aiki ka ce miliyan biyar. Ko kai ne dillalin?

Sadi_Gwale:
Yaya Abu, Allah ya sa kaffara ce. Ni ba a ce in biya ko sisi ba, da kaina na cike a shafinsu, kuma saƙon daga adireshinsu ya zo. Jama'a, nawa ne kuɗin mota yanzu daga Unguwa Uku zuwa Abuja?

Mai_Shayi_Digiri:
Dubu 15.

Hafsy_Zoo_Road:
Dubu 22 na biya, ƙaramar mota.

Ɗan_Kawo:
Ka tsaya a bakin titi bayan tasha, dubu 10 za su ɗauke ka.

Ummu_Hanan:
Kada ka kuskura ka hau motar bakin titi a hanyar nan don ragin dubu biyar. Ka shiga tasha a rubuta sunanka. Kuma ka lissafa da kwana, don jarrabawar safe ba a zuwa mata daga Kano a ranar.

Abu_Safwan:
A zaman jiran takardar nan ne na karance littattafan George Martin guda biyar na jerin A Song of Ice and Fire. Na biyar ɗin tun 2011 ya fito. Yanzu abu biyu nake jira a duniya, na shida da kuɗina a wurin dattijo, ban san wanda zai riga zuwa ba. Ko ba komai naka jerin an gama rubuta shi, Sadi.

Zee_Fim:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Ka kalli fim ɗin kawai, Amazon sun yi shi tun 2021. Dubu biyu za a tura maka a waya.

Tsohon_Laburare:
'Yata, fim ɗin zango uku aka yi aka dakatar da shi a 2025, ko rabin labarin bai kai ba, kuma sun sauya abubuwa da yawa. Wanda bai buɗe littafin ba ya bari waɗanda suka karanta su yi magana.

Zee_Fim:
To Baba, ku da kuka karanta, kun ba shi shawarar neman aiki ne? Ku a zamaninku tun kafin ku gama makaranta aiki ke jiranku har da mota. Yaushe rabonku da cike fom a intanet har ya kai shafin ƙarshe ya ɗauke?

Tsohon_Laburare:
Mota dai ban samu ba, keke aka ba ni bashi. Amma kin yi gaskiya, shi ya sa na tsaya a kan littafi.

Kwamared_Bala:
A nan duk ni kaɗai ne na taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, amma an share maganata. Sadi, jarrabawar banki lissafi ne da Turanci da tambayoyin auna kaifin tunani, kuma lokaci ne ke kayar da mutane ba wuyar tambaya ba. Ka nemi tsofaffin tambayoyi ka riƙa yi da agogo a gabanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka buɗe littafi mai shafi ɗari bakwai a makon nan, ka gama yawo.

Mai_Shayi_Digiri:
Kwamitin makarantar kawunka ta kuɗi, Kwamared? Wadda aka ɗauki matarka da ƙaninka?

Kwamared_Bala:
Sun cancanta.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan da Faransanci muka samu The Wheel of Time, kuma tsohuwar fassarar kowane littafi gida biyu aka raba shi, sai ka sayi "na huɗu" ashe rabin na biyu ne. Ka duba sunan littafi, kada ka bi lamba. Ni jaka uku-uku na saya a Yamai.

Ɗan_Kawo:
Kun ji ko? Dubu uku.

Issoufou_Damagaram:
Na sefa, ɗan'uwa. Ka canza ka gani.

Malama_Rabi:
Ikon Allah. Yaranmu sun san Moiraine ba su san Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ba. Shi da Ganɗoki tun shekarun 1930 suke, akwai aljanu, akwai yaƙi, akwai tafiya ƙasashe, kuma a zama ɗaya za ka gama. Ba sai ka kashe kuɗin motarka ba.

Sadi_Gwale:
Malama, na karanta su tun ina sakandare, har da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Mai littafin ya kira ni ɗazu ya sauko dubu 40, ya ce zuwa Juma'a. Har yanzu ba wanda ya ce in saya ko in bari.

Hafsy_Zoo_Road:
Tsaya tukuna, shekarunka nawa? Ka duba tallar da kyau. Yawancin bankuna suna rubuta kada mutum ya wuce 26 ko 27. Yayana ya ci jarrabawar, ya ci intabiyu, sai a wurin tantance takardu aka ce ya haura da wata huɗu.

Abu_Safwan:
Wannan ita ce ta kashe mu. A 2020 jami'o'i suka rufe kusan wata tara ana yajin aiki, ga korona. A 2022 aka sake rufewa wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Karatun shekara huɗu ya koma shida. Ka fito ka jira a tura ka hidima, ka yi shekara guda. Ta ina ɗan talakan da ya yi jami'ar gwamnati zai fito yana 26? Wanda ubansa ya kai shi ta kuɗi ya gama yana 21.

Zee_Fim:
Kuma a talla ɗaya za ka ga an ce kada ka wuce 26, a ƙasa an ce sai mai gogewar shekara uku. A cikin ciki zan fara aikin?

Mai_Shayi_Digiri:
Ni shekara uku ke nan ina 25. Ranar haihuwata ma na daina yi.

Kwamared_Bala:
Ku daina wasa da wannan. Zamanin zuwa kotu a yi takardar rantsuwa a rage shekaru ya wuce. Yanzu ana haɗa kwanan watan da ke NIN da na BVN da na takardar WAEC, in ɗaya ya saɓa an ajiye fayil ɗinka, ba wanda zai kira ka ya gaya maka dalili.

Malama_Rabi:
Ku maza ma kuna da sauƙi. Ɗiyata a intabiyu aka tambaye ta ko tana da aure, ta ce eh, aka ce yara nawa, ta ce ɗaya, sai matar da ke tambayar, mace 'yar'uwarta fa, ta ce to na biyun yaushe? Ta rufe fayil ɗin tana murmushi. Wata biyar ke nan, ko saƙon ban haƙuri ba su turo ba. Hafsy, yayan naki su sun turo masa?