Eriyar tsagi ta fi ƙarfin maƙeranmu?

Sadiq: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Wata 2 ina lissafin eriyar rada (na'urar hango abu daga nesa da siginar rediyo) mai tsagi 10 a jikin bututun WR-90, wato bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da sigina ke bi ta cikinsa, don sigina mai gigahaz 10. Na kai wa wani maƙeri nan Jos, na ce masa tsawon kowane tsagi kusan milimita 15, tazara kusan 20, ɗaya ya ɗan kauce dama da layin tsakiya, na gaba ya kauce hagu. Sai ya jera su cif a kan layin, wai sun fi kyan gani. Tsagin da ke kan layin tsakiya ba ya fitar da sigina ko kaɗan! Bututu ya tashi a banza. Wallahi wannan aikin ya fi ƙarfin maƙeranmu.

Malam Haruna: Wa'alaikumus salam. Injiniya, janye kalmar nan. Mahaifina maƙeri ne, da guduma da zuga-zugi ya biya mini makaranta.

Sadiq: Malam, ban zagi kowa ba.

Bilkisu: Ai wanda ka kai wa ma ba maƙeri ba ne, mai walda ne. Ku daina haɗa su.

Ɗanjuma: Mai walda ma maƙeri ne, Hajiya. Duk wanda ya sarrafa ƙarfe da wuta.

Bilkisu: To mai gyaran rediyeta fa?

Malam Haruna: Ku je Panteka a Kaduna ku ga abin da hannu ke yi. 'Yan boko sai raini.

Nura: Jama'a, laifin ba na maƙeri kaɗai ba ne. Kaucewar nan ita ke ƙayyade yawan ƙarfin da kowane tsagi zai fitar, kuskuren rabin milimita ma yana canza sakamako. Kuma tsagi yana shafar maƙwabcinsa, abin da masanin eriya Robert Elliott ya saka a lissafinsa a 1978. Sadiq, ka lissafa wannan? Takarda ka ba shi ko da baki kuka yi?

Ɗanjuma: Shi ya sa nake cewa a koma eriyar faci, wato ɗan fallen ƙarfe da ake shimfiɗawa a kan allon lantarki. Arha, ba nauyi.

Nura: Faci a rada mai ƙarfi? Allon yana cinye sigina, bututu kuwa iska ce a ciki. Dubi sandar da ke juyawa a kan jiragen ruwa, yawanci tsagi ne.

Ɗanjuma: Jirgin ruwa nawa ka taɓa gani a Jos?

Nura: Kai dai tun muna aji ɗaya ba ka son lissafin bututu.

Sadiq: Da baki na faɗa masa, amma ai na nuna da yatsa.

Malam Haruna: A matsayina na shugaban zaure na rufe maganar. Abin da aka cimma: maƙera ba su da laifi, Sadiq ne bai kai zane ba, kuma har yanzu bai janye kalmarsa ba. Batun faci da mai walda a bar shi sai wani jiƙon.