Da 'yan Beatles ba su taɓa haɗuwa ba, wa zai yi suna a cikinsu?

Mai Faifai: Salamu alaikum 'yan zaure. Ga magana nan na ajiye, mai ja ya ja. Da John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr ba su taɓa haɗuwa sun zama ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ba, da kowa gabansa ya kama tun daga garinsu Liverpool a Ingila, duk su huɗun sai sun yi suna. Hujjata: bayan sun watse a 1970, babu ko ɗaya a cikinsu da waƙarsa ba ta hau matsayi na ɗaya a Amurka ba. Har Ringo mai ganga.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Haba Yaya, ai da bazar Beatles suka yi wannan rawar. Mutumin da wajen mutum miliyan 73 suka zuba wa ido a talabijin dare ɗaya a shirin Ed Sullivan a 1964, ko tari ya yi a faifai a 1970 sai an saya. Tambayarka ita ce da ba su haɗu ba, amma hujjarka duk ta bayan haɗuwa ce.

Maman Iman: Ni Ringon nan ne ya tsaya mini a rai. "Photograph" da ta kai shi na ɗaya a 1973, tare da George suka rubuta ta. A kundin da waƙar ta fito kuma John ya ba shi waƙa, Paul ma ya ba shi. To ina cin gashin kai a nan?

Mai Faifai: Hajiya, kada ki raina Ringo. Kafin su ɗauke shi a watan Agustan 1962 suna sallamar mai gangarsu Pete Best, yana kaɗa wa Rory Storm and the Hurricanes, kuma su ma suna tashe a garin. Su suka neme shi, ba shi ya je roƙo ba.

Maman Iman: Ban ce bai iya kiɗa ba. Da ya ci abinci da ganga har tsufansa. Amma cin abinci daban, a san sunanka a Kano daban. Faɗa mini sunan wanda ya gaje shi a wurin Rory Storm in ka isa.

Baban Sadiq: Yara, ku bari in sa baki. Abin da kuke mantawa shi ne yadda harkar take a Ingila a wancan lokacin. Tsarin shi ne mawaƙi ɗaya a gaba, makaɗa a baya, kamar Cliff Richard da 'yan Shadows. Kusan irin tsarin da muka sani a gida: Shata a gaba, masu kalangu da 'yan amshi a bayansa, ba mai tambayar sunan ɗan amshi. Sannan yawanci mawaƙi ba ya rubuta waƙarsa, kamfani ke nemo masa. Su ma Beatles, George Martin, wanda ya ɗauke su a kamfanin faifai na Parlophone, ya miƙa musu waƙar wani marubuci mai suna Mitch Murray ya ce ita za su fitar. Suka rera ta ba da son ransu ba, suka nace sai tasu, a ƙarshe "Love Me Do" ce ta fito a Oktoban 1962. Waccan kuwa aka bai wa Gerry and the Pacemakers, ta kai su na ɗaya. Yanzu ku ɗauka John ne shi kaɗai, ɗan shekara 21, kamfanin Decca ya riga ya ce ba ya so a farkon shekarar. Da wane ƙarfi zai yi gardama?

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba. Kun gama magana.

Mai Faifai: Ba su gama ba. Baba, da izininku, George fa? Shekara da shekaru ana ba shi gurbin waƙa ɗaya ko biyu a kundi, John da Paul sun cinye sauran. Ana watsewa sai ga shi da All Things Must Pass a ƙarshen 1970, faifai uku a kwali ɗaya, wasu waƙoƙin ma waɗanda ya kawo wa ƙungiyar ne aka yi watsi da su. Shi ya fara kai waƙa matsayi na ɗaya a Amurka a cikinsu, John kuwa sai 1974, shi ne na ƙarshe. A 1971 George ya tara manyan mawaƙa a zauren Madison Square Garden da ke New York domin tallafa wa 'yan gudun hijirar Bangladesh. Wannan ƙungiya ba raya shi ta yi ba, danne shi ta yi.

Baban Sadiq: Ta danne shi, ban musa ba. Amma wa ta danne? Yaron da Paul ya jawo daga makarantarsu, ya gwada kaɗa jita a saman bene na motar bas domin John ya yarda da shi. Yaron da hukumomin Jamus suka koro daga Hambug a 1960 saboda bai kai shekara 18 ba. Bai fitar da waƙar da ya rubuta shi kaɗai ba sai 1963. Zama kusa da mutanen nan biyu, yana jin haushi yana koyo, shi ya kai shi ga "Something" a 1969. Hatta sitar, abin kiɗan Indiya mai tsirkiya, da ta haɗa shi da gwaninta Ravi Shankar, a wurin ɗaukar fim ɗin Beatles ya fara taɓa ta a 1965.

Auta: Ni sabon shiga ne a harkar, amma Paul fa? Na ji an ce har Legas ya zo.

Maman Iman: Ya zo, Auta, a 1973. Kuma a nan ne kaɗai nake bayan Mai Faifai. Ana gab da tafiya biyu daga cikin 'yan ƙungiyarsa ta Wings suka fice, har da mai ganga. Ya sauka Legas daga shi sai matarsa Linda sai ɗan ƙungiyar Denny Laine. A sutudiyon EMI da ke Apapa ya zauna ya kaɗa gangar da kansa, ya kaɗa jitar bas, ya rera. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa da dare suka tafi da kaset-kaset ɗin gwajin waƙoƙinsa. Fela Kuti ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da ya ɗauka ya ji da kunnensa. Duk da haka kundin Band on the Run ya fito, ya kai na ɗaya a Ingila da Amurka. Irin wannan mutumin ko a ina ka jefa shi sai ya fito.

Ɗan Fagge: Zai fito, Anti, amma a matsayin me? Mai daɗaɗan waƙoƙin soyayya. Paul ba John zaƙi ya yi yawa, John ba Paul ɗaci ya yi yawa. Ki saurari "A Day in the Life" ta 1967. John ya kawo baitocinsa na labaran jarida, tsakiya ba komai. Paul yana da wani guntu na mutumin da ya makara yana gudun kama bas, ba kai ba gindi. Aka haɗa su da makaɗa 40 a tsakani. Raba su, kowa ya tafi da rabin waƙa.

Mai Faifai: To "Yesterday" fa? Paul ne shi kaɗai a cikinta, babu ko ɗaya daga sauran 'yan Beatles.

Ɗan Fagge: Ya rubuta ta yana sane John zai ji kafin duniya ta ji. Ko bayan watsewar ma ba su daina leƙen juna ba. A 1971 Paul ya yi habaici a kundinsa Ram, John ya rama da "How Do You Sleep?", waƙa sukutum ta cin mutuncin Paul. Ka san wa ya kaɗa masa jita a cikinta? George ɗin naka.

Mai Faifai: Na bar muku Ringo. Sauran ukun ina nan a kan bakana.

Maman Iman: Ɗazu huɗu ne, yanzu uku. Baba, ku ƙara masa wata kafin la'asar.