Neman shawara: na ba da kafin alƙalami a kan motar lantarki, gida ya ɗauki zafi

Baban Nana (Banifandu, Yamai):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ni ma'aikaci ne a wani buro a Filato. Shekara 11 ina jan Starlet ɗin da na saya a hannun wani abokin mahaifina. Motar nan ba ta taɓa ci mini amana ba, ita ta kai maman Nana asibiti cikin dare ranar haihuwa, ita ke kai ni Tawa wurin tsohuwa duk bayan wata biyu. Amma duk wanda ke Yamai ya san Starlet motar taksi ce. A bikin ƙanwar matata a Kwara Kano, mai gadi ya buga mini gilashi ya ce in sauke baƙi in matsa gaba, wurin na masu gayya ne. Surukina yana tsaye a bakin ƙofa tsakanin V8 biyu na sauran mazan ƴaƴansa, ya gan ni sarai, ya juya yana gyara hularsa. Na kai motar can bayan wani kango na dawo a ƙasa, ƙura har gwiwar shaddata. Tun ranar na shiga adashi, daga baya na sayar da filina na hanyar Filinge.

Maman Nana RAV4 take so, mun yi shekara biyu a kan wannan maganar. To amma lokacin ƙarancin mai na watan Maris 2025 na kwana a layin gidan mai, na iso kusa da famfo aka ce ya ƙare. Abin ya tsaya mini a rai. Kwanan baya wani abokin aikina ya haɗa ni da mai shigo da motoci daga China, ya nuna mini bidiyon wata fara mai aiki da lantarki, ga katon allo a gaba, ga kujerun fata, sabuwa fil. Na ba da kafin alƙalami. Ya ce ta Lome za ta biyo.

Yanzu maman Nana gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yayana ya kira daga Tawa ya ce na sayar da ƙasa na sayi abin wasan yara. In ci gaba ko in haƙura da abin da na bayar? Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya.

Alhaji Na Wadata:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, gobe da sassafe ka je ka karɓo kuɗinka, ko da rabi zai ba ka. Shekara 30 ina harkar mota, tun ana kwana a Kwatano ana jiran jirgi. Mota uku ce a ƙasar nan: Corolla, Hilux, V8. RAV4 ɗiyarsu ce, ita ma ta shiga. Toyota zinariya ce mai taya, ranar da ka matsu da safe ka kai ta tasha, kafin la'asar kuɗi na aljihunka. Wannan taka wa zai saya a hannunka? In ta tsaya maka a Dogon Dutsi wane bakanike zai buɗe ta? Corolla ko ƙarƙashin bishiya ta mutu, yaro ɗan shekara 15 zai tayar da ita, kayan gyaranta kuwa har a Katako sai ka zaɓa. Wayar hannunka ma a watan Afrilu zafi take yi har ta kashe kanta, balle mota da ke yini a rana. Matarka ta fi ka gaskiya.

Maman Sultan:
Ni fa da na ji an ce motar wuta sai gabana ya faɗi. Wace wutar? A 2023 da Najeriya ta yanke mana layi bayan juyin mulki, firigo uku gare ni ina sayar da ƙanƙara da zoɓo. Na zubar da jarka nawa ta zoɓo da ya yi tsami ni kaɗai na sani. Firigo ɗaya ya ƙone saboda wutar da ke zuwa tana komawa, har yau yana tsakar gida na mai da shi ma'ajin tukwane. Adashin da nake ciki sai da na ci bashi na cika. Kuma ko yanzu lokacin zafi kowa ya san yadda ake kwana a waje da mafici. Baban Nana, ka ji tausayin baiwar Allah, ita ma da haƙurinta a cikin kuɗin nan.

Ɗan Adar Mai Sola:
Baban Nana, ba ka gaya muna abu mafi muhimmanci ba. Wace mota ce, wane kamfani? Batirin kilowat-awa nawa ne, wato wuta nawa yake ɗauka? Ina za ta riƙa kwana?

Ni aikin pano (allon sola) nike yi, bari in ba ka lissahi. RAV4 ko Corolla cikin gari da kilim (na'urar sanyi) a kunne, ka ɗauka lita 9 a kilomita 100. Tun da anka rage kuɗin esans zuwa sefa 499 a 2024, wannan ya kama wajen 4,500. Motar lantarki matsakaiciya tana cin kamar kilowat-awa 17 a wannan tazarar. In mun ɗauka kilowat-awa ɗaya sefa 100 ne, 1,700 ke nan. Ka ga ragowar 2,800. Wanda ke yin kilomita 1,000 a wata ya tsira da jika 28, ga ba bidanj (juyen baƙin mai), ba buji, ba kuloci. Wannan gaskiya ne, Alhaji ba zai iya musa shi ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Soket na gida bai wuce kilowat 2 da ɗan kai ba. Batir mai kilowat-awa 60 in ya sauka ƙasa ya fi awa 24 kahin ya cika ta nan. Don zirga-zirgar Banifandu zuwa Filato ba matsala, awa uku ko huɗu cikin dare sun ishe ka. Sai dai in kontar (mitar wuta) gidanka ƙarama ce, ka haɗa mota da kilim da firigo, wuta za ta riƙa faɗuwa. Tahiyar Tawa kuwa kusan kilomita 550 ce. Adadin da ƴan China ke rubutawa a takarda ya fi wanda ake samu a hanya, balle da gudu da kilim da mutum biyar da buhun shinkafa a but. Wadda anka rubuta ma 400 kar ka yi mamaki in ta ba ka 300. Ko Konni ba ka kai ba. Ni da ke bin hanyar nan duk wata ban ga inda zan ce ka tsaya ka yi caji na rabin awa ba.

Maganar zahi kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Nissan Leaf ta farko ba ta da ruwan sanyaya batir, shi ya sa ta sha wuya a ƙasashe masu zahi. Na yanzu da yawa suna da shi, kuma nau'in batir da ake ce ma LFP ya fi juriya. Tambayi mutuminka wane iri ne. Ka tambaye shi kuma ko allon yana Faransanci, don wadda anka yi wa kasuwar China wani lokaci da rubutunsu take zuwa, bakin cajinta ma daban yake da na Turai.

Baban Nana:
Na gode ƙwarai. Amma Alhaji, da girmanka, ni ban sayi mota don in sayar ba, Starlet ma shekara 11 na riƙe ta. Kuma RAV4 ɗin da kuɗina zai kai okaziyon ce mai shekara 15 da wani Bature ya gama moranta. Ni sau ɗaya a rayuwata ina so in ɓare ledar kujera da hannuna. Ɗan Adar, maganar Tawa na riga na yi tunani, zan iya shiga bas. Mutumin ya ce tana cin kilomita 500, kuma mutumin kirki ne, tare suke sallah da abokin aikina.

Alhaji Na Wadata:
Ka ji ko? Ka sayar da fili ka sayi mota, sannan ranar sallah ka ɗauki iyali ku hau bas. Tsohuwa ta fito tarbarka ta ga ka sauko daga kabu-kabu da jaka a ka. Ɗan Adar, lissafinka na takarda ne. Jika 28 a wata, shekara nawa zai yi kafin ya tara kuɗin batir in ya mutu? Fitilar gaba kaɗai in wani ɗan moto ya fasa masa a Rond-point, wata nawa zai jira ta zo daga China, ga shi da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Burkina? Ni akwai motocina biyu da suka yi wata uku tsakanin Lome da nan, kuɗin ajiya da na rakiya sun cinye ribar kaf, har yau ina biyan mai kuɗin. Kuma maganar daraja, ƙanena, surukinka ba allo zai duba ba. Tambarin gaba zai duba. In bai san sunan ba, a wurinsa ba ka sayi komai ba.

Abdul Harobanda:
Baba Alhaji, a gafarce ni, amma haka aka ce da moto ƴan China suka fara shigowa, aka ce kwana 40 za su yi. Yau su waye ke cike da titi? Haka aka raina Tecno da itel, yanzu suna aljihun kowa. BYD, kamfanin motoci na China, tun 2022 ta daina ƙera mota mai aiki da mai zalla, kuma har Turai take sayarwa. Habasha a 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin hawa masu aiki da mai. Mu ne kullum a baya. Abin da ke ƙona mini rai, ƙasar da aka yi shekara sama da 50 ana haƙar uraniyom a Arlit ana kai wa Faransa, mu ne muka dogara da Najeriya a kan kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu kafin 2023. Dam ɗin Kandaji tun 2008 aka aza tubali, ina firamare lokacin, yanzu na gama jami'a shekara uku ba aiki. Rana kuwa Allah Ya ba mu kyauta, ga Goru Banda megawat 30, ga Malbaza megawat 7 a jiharku ta Tawa. Yaya Baban Nana, kar ka ja da baya, wani ne ke fara buɗe hanya.

Maman Sultan:
Abdul, Habasha dam gare su babba a kan kogin Nilu. Kuma buɗe hanya da kuɗin filin mutum ake yi? Ka bari sai ka yi iyali.

Malam Issa Lazare:
Me zai hana a raba gardama? Ka nemi mai haɗin biyu, mai da batir, irin Prius ko RAV4 ɗin ma akwai irinta. Toyota tun 1997 take yin su. Ba a sa ta a soket, da kanta take caji in tana tafiya, tana shan mai kaɗan cikin gari, kuma ta kai ka Tawa ba fargaba. Madam ta samu RAV4, kai ka samu sauƙin mai.

Abu Fatima:
Malam Issa kar ka jefa shi inda na faɗa. Irinta gare ni. Wata fitila ta kama a allo, na kai wani garaji, bakaniken ya yi mini rantsuwa ya san aikin. Sati biyar tana wurinsa, ya kwance batirin baya ya baza a kan tabarma, ya mayar ba daidai ba. Na biya sau biyu, ƙarshe sai Kano na aika aka kawo wani. Har yau in na wuce ƙofar garajin nan raina ɓaci yake.

Hajiya Ta Yantala:
Ɗana, na karanta rubutunka sau biyu. Layi nawa ka yi a kan mai gadi da hular surukinka, motar kuwa ko sunanta ba ka faɗa ba. Ciwon da ke ranka ba na esans ba ne. Kuma filin nan da ka sayar, ka shawarci maman Nana kafin ka kai kuɗin wurin mutumin, ko sai bayan ka bayar ta ji? Mace ba ta yin shiru haka a kan launin mota.

Baban Nana:
Hajiya, na ji maganarki kuma ina girmama ta, amma ba don surukina na yi ba. Wanda bai kwana a layin mai da sauro ba ba zai gane ba. Ban gaya mata da wuri ba ne saboda na san za ta kira yayarta, yayarta ta gaya wa gidansu, magana ta lalace tun ba a fara ba. So na yi ta gan ta a ƙofar gida kawai. Ɗan Adar, sunan yana cikin bidiyon, zan duba in turo. Gidan haya muke, mu uku ne a kontar ɗaya, mota a waje take kwana wurin mai gadin layi. Amma tagar ɗakina tana kallon titi, waya mai tsawo za ta kai.

Ɗan Adar Mai Sola:
Subhanallah. Kontar ɗaya ku uku? Ranar da takardar wuta ta zo, wa zai yarda a raba daidai? Kuma kar ka kuskura ka ja ralonj (wayar ƙari) ta taga ka bar ta awa da awa tana ɗauke da wannan nauyi, waya na zahi ta narke, da damina ga ruwa kwance a layi. Sai ka samu kontarka kai kaɗai da waya mai kauri da layin ƙasa, da izinin mai gida. In pano kake tunani, motar da ke Filato da rana ba ta cin ranar Banifandu, sai ka ƙara batirin ajiya, wani kuɗin ne dabam.

Alhaji Na Wadata:
Duk ku bar wannan. Ƙanena, tambaya ɗaya: da ka ba shi kuɗin, ya ba ka takarda da sa hannu da lambar shasi? Kuɗin duwan (kwastan) a kan wa yake, kai ko shi?

Baban Nana:
Alhaji, a gaban abokin aikina na ba shi, kuma akwai saƙon murya da ya ce ya karɓa. Maganar duwan ba mu kai nan ba tukuna. Ɗazu ya kira ya ce jirgi zai tashi, in cika kashi na biyu kafin Juma'a in ba haka ba a ba wani. Zan yi wa mai gidanmu maganar kontar gobe in sha Allah. Ni dai har yanzu ina ganin in mutum ya lissafa abin da zai rage na mai a shekara 10, ba asara ba ce.

Abdul Harobanda:
Yaya, ka turo bidiyon mu gani.

Malam Issa Lazare:
Baban Nana, in Starlet ɗin ta sayarwa ce ka yi mini magana ta gefe, ƙanena na neman ta taksi.