Tayarod ɗin Hilux ɗina sai lanƙwashewa yake, don Allah a taimaka

Salam 'yan uwa, masana mota ina neman shawara. Hilux Vigo ce gareni, ina ɗaukar kaya da ita zuwa ƙauyukan Mambila, kun san hanyar nan in damina ta sauka, duwatsu da taɓo kawai. Tunda na ɗaga ta na saka manyan tayoyi masu inci 33, tayarod (sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba) na ciki ɓangaren direba sai ya lanƙwashe kusa da zaren, sitiyari ya karkace, tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya, na canza sabo na saka ɗan Beljiyam na yi alaimen (saitin tayoyi), duk kanwar ja ce.

Bakanikena yace a zura wa tayarod ɗin bututun ƙarfe mai kauri a yi walda, wani kuma yace kar na kuskura, zafin walda na kashe ƙarfin ƙarfen, kuma in tayarod ya ƙi lanƙwasa to rak ɗin sitiyari (ƙarfen da ke tura tayarod in an murza sitiyari) ne zai sha dukan, shi kuwa kuɗinsa ba wasa ba.

To akwai wanda ya taɓa saka bututun nan mai ɗauri da noti ba walda? Ko dai in haƙura in koma ƙananan tayoyi?